Sayen Reza da Kayan Aski: Kurakurai 6 da Ya Kamata Mu Kiyaye

Ƴan'uwa masu karatu, darasinmu na yau a kan reza ne. A da, in mutum yana son aski sai ya nemi wanzami da askarsa. Har gobe wanzamai suna nan da sana'arsu. Amma yanzu samari da magidanta da yawa suna yi wa kansu aski da gyaran fuska a gida. Mata ma suna sayen reza domin tsaftar hamata da mara. In ka shiga kasuwar Madawa, ko ta Tunfafi, ko Buza, ko Keita, ko Tamaske, ba za ka rasa reza a wurin masu tebur ba.

Reza ƙaramin abu ce, kuɗinta kuma kaɗan ne. Duk da haka, wanda ya saye ta ba da sani ba yana iya asarar kuɗinsa, ya ɓata fatarsa, har ya ɗauko cutar da za ta daɗe a jikinsa.

Ire-iren reza

Reza iri 3 ce ake samu a kasuwanninmu.

Ta farko ita ce mai baki 2, wadda ake naɗewa cikin takarda. Ana sa ta cikin mariƙi na ƙarfe ko na roba a ɗaure, bakinta kaɗai ya leƙo. Wani mutumin Amurka mai suna King Gillette ne ya fara sayar da irinta a shekarar 1903.

Ta biyu ita ce ta roba, wadda aka haɗa bakinta da hannunta. In ta dakushe sai a yar da ita gaba ɗaya. Kamfanin Bic na ƙasar Faransa ya fito da tasa a shekarar 1975.

Ta uku ita ce mai kai da ake cirewa a canza. Kan nan yana ɗauke da baki 2 ko 3, wani ma har 5.

Kuskure na 1: sayen reza ɗaya don dukan gida

Wannan shi ne babban kuskure. Maigida ya yi aski, ya miƙa wa ƙanensa, ƙanen ya miƙa wa abokinsa. Ana ganin an yi tattalin kuɗi, alhali kuwa an buɗe wa cuta ƙofa.

Kowane aski yana barin ƴan tsaga a fata, ko da ido bai gan su ba. Jini kaɗan yana maƙalewa a bakin reza. Ta wannan jinin ne ciwon hanta, mai kawo shawara, yake wucewa daga mutum zuwa mutum. Ƙwayar ciwon hanta irin na B tana iya yin kwana 7, ko fiye, da ranta a busasshen jini. Mutum kuma yana iya ɗauke da ita shekara da shekaru ba tare da ya sani ba, sai ranar da hantarsa ta lalace. Ciwon sida ma yana bin jini. Makero kuwa, mai cinye gashin kan yara, yana bin kayan aski.

Ɗauraye reza da ruwa, ko goge ta da tsumma, ko zuba mata turare, ba ya kashe ƙwayar ciwon hanta. Maganin abin ɗaya ne: kowa da rezarsa. In za ka je wurin wanzami, sayi sabuwa ka riƙe, a buɗe ta a gabanka. Haka kuma ranar suna, uban jariri ya tanadi sabuwar reza domin askin jaririn. Wanzamin kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Kuskure na 2: karɓar reza ba tare da dubawa ba

Wasu sukan miƙa kuɗi, su karɓi reza, su jefa aljihu. Tsaya ka duba tukuna. Sabuwar reza tana cikin takardarta a rufe, ba a yage ba, ba a sake naɗewa ba. In takardar ta jiƙe, ko ka ga alamar tsatsa a jikinta, kada ka karɓa. Wannan ya fi faruwa da damina.

A nan ne karatunka zai yi maka rana. Duba bayan kwalin. In ka ga an rubuta STAINLESS ko INOX, ana nufin ƙarfen ba ya saurin tsatsa. Kamfanin Wilkinson na ƙasar Ingila ne ya yaɗa irin wannan reza tun shekarar 1962, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin ta. Akwai kuma ta jabu, wadda ake sa wa sunan kamfanin da ba shi ya yi ta ba. Ana gane ta da rubutu mai dishi-dishi da baki mai jan gashi tun askin farko. Saboda haka kada ka fara da sayen kwali guda. Sayi 1 ko 2 ka gwada. In ta yi maka, ka riƙe sunanta, ka rubuta shi a littafinka.

Kuskure na 3: sayen mariƙin da babu bakinsa a garinku

Ƴan cin rani da suka dawo daga Abijan ko Legas ko Libiya sukan zo da reza mai kan cirewa, kyakkyawa, mai ƙyalli. Bayan ƴan makonni kan ya dakushe. A zagaya kasuwar Bangi ko Karofane ko Ibohamane, a rasa irinsa, domin kowane kai da hannun da aka yi shi dominsa. Sai abin ya zama kayan ado a cikin akwati.

Reza mai baki 2 ba ta da wannan matsala. Girmanta ɗaya ne ko wane kamfani ya yi ta, tana kuma shiga kowane mariƙi irin nata. Kafin ka sayi mariƙi, sa reza a ciki ka ɗaure. Duba ko ta zauna daram ba ta motsi, kuma bakin dama da na hagu sun leƙo daidai da juna. In ɗaya ya fi fitowa, zai yanke ka. In tsohon mariƙi na ƙarfe aka ba ka, wanke shi da sabulu, ka tafasa shi minti 20 kafin ka yi aiki da shi. Wanda kuma yake riƙe tsirarar reza da yatsu don gudun sayen mariƙi, yana wasa da fuskarsa da hannunsa.

Kuskure na 4: zaton yawan baki shi ne kyau

Gashinmu mai nannaɗewa ne. Reza mai baki da yawa tana jan gashi ta yanke shi ƙasa ƙwarai. In ya tashi tsirowa sai ya lanƙwashe ya soki fata, ya koma ciki. Daga nan ne ƙurajen aski suke fitowa a haɓa da wuya da ƙeya. Mai irin wannan fata, reza mai yanka da baki ɗaya ta fi masa. Ya bi inda gashi ya kwanta, kada ya danne, kada kuma ya yi ta maimaita wuri ɗaya. In ƙuraje sun yi ruwa ko sun ƙi warkewa, ya dakatar da aski ya tafi likita.

Kuskure na 5: manta sabulu da mai

Wani ya kashe kuɗinsa a kan kumfar gwangwani da turare mai tsada. Wani kuma bai sayi kome ba, yana aski a bushe. Duka biyun sun kauce hanya. Abin da ake bukata shi ne ruwa mai tsafta mai ɗumi, da sabulun wanka mai kumfa, da man kaɗe. Jiƙa gashi minti 2 ko 3 ya yi laushi, sa'an nan ka sa kumfa. Kada ka yi amfani da garin sabulun wanki, domin yana ƙona fata. Bayan aski ka ɗauraye, ka shafa mai, musamman da hunturu lokacin da fata take tsagewa. Ɗan guntun alif yana tsayar da jinin ƙaramin yanka, amma shi ma kowa da nasa.

Kuskure na 6: duban kuɗin yau, ban da na shekara

Mu yi lissafi. Farashi ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, wannan misali ne kawai. A ce rezar roba dala 20 ce, mai baki 2 dala 5, mariƙi kuma dala 200, wato jika ɗaya. A ce kana canza reza sau ɗaya a mako. Shekara tana da mako 52.

Rezar roba: 52 × 20 = dala 1040.
Mai baki 2: 52 × 5 = dala 260. A haɗa da kuɗin mariƙi: 260 + 200 = dala 460.

Ka ga an sami rarar dala 580 tun shekarar farko. A shekara ta biyu kuwa ba sai ka sake sayen mariƙi ba. Da wannan rarar kana iya saya wa kowane baligi na gidanka rezarsa.

Bayan an gama

Ɗauraye reza, ka bar ta ta bushe, ka ajiye inda hannun yara ba ya kai. Da zarar ta fara jan gashi, aikinta ya ƙare. Kada ka jefar da ita a tsakar gida ko a juji, inda yara suke tsinta su fere fensir. Nemi gwangwani mai murfi, ka tsaga murfin, ka riƙa zurawa ciki. In ya cika, haƙa rami mai zurfi ka binne.

Tun shekarar 2008 allurar rigakafin ciwon hanta irin na B tana cikin alluran da ake yi wa jarirai a ƙasarmu Nijar. Iyaye, mu kai yaranmu su karɓa har su cika. Manya kuwa da aka haifa kafin lokacin, mafi yawanmu ba mu samu ba, sai mu ƙara kiyayewa. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tambayoyi domin ajin yaƙi da jahilci

1. Me ya sa bai kamata mutum 2 su yi aski da reza ɗaya ba?
2. Waɗanne abubuwa za ka duba kafin ka biya kuɗin reza?
3. Tambayi farashin reza a kasuwarku, ka sake lissafin nan da kanka.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.