Ɓera a Kullu, Kuɗin Cizo a Gado

Gwaggo, ni mai koko ce a Maamobi, gidan haya muke zaune mai ɗakuna da yawa, bayan katangarmu gota ce. Tun da ruwa ya sauka a watan Mayu ban ƙara barcin kirki ba. Kyankyasai manya jajaye sun mamaye inda nake girki, ɓera ya huda min buhun gero, ranar nan ma kashinsa na tarar a bakin robar kullu, dole na zubar da kullun gaba ɗaya. Ga kuɗin cizo da ya biyo wata katifa ta hannu da maigidana ya sayo. Na fesa maganin gwangwani har na gaji, su ɓace kwana biyu su dawo, ƙaramin ɗana mai asma kuwa ya kwana yana tari. Maƙwabciyata ta ce in sayi ƙwayar nan da ake sa wa buhun masara in ajiye a ƙarƙashin gado, wai ko ƙwai ba ya saura. Ban saya ba tukuna. Akwai abin da zan yi wanda ba zai cinye min jari ba, ba zai kuma taɓa yarona ba? Kunya nake ji kada masu sayen kokona su ji.

Mai Koko, Maamobi

'Yata, ƙwayar nan ko kyauta aka ba ki kada ta tsallaka ƙofarki. Aluminiyam fosfaid ce, don ma'ajiyar hatsi aka yi ta, inda ba mai kwana. Da zarar ta sha danshin iska sai ta saki gas mai kisa, kuma asibiti ba shi da makarinsa. A 2018 yara uku 'yan ɗaki ɗaya suka rasu a nan Akra, wajen Abavana, ba nisa da ku, bayan an ajiye irinta a ɗakinsu saboda ƙwari. A gida irin naku da rufi ɗaya ya haɗa ɗakuna, gas ɗin zai bi ta saman sili ya faɗa wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ki tambayi maƙwabciyar taki yau ɗin nan ko tana da ita a ɗaki.

Kuɗin cizo zafi ke kashe shi, da shi da ƙwansa, ke kuwa wuta da tukunya su ne sana'arki. Ki fitar da gadon tsakar gida, ki kwance shi, ki tafasa ruwa a buta ki bi duk mahaɗar katako da ramin ƙusa kina tsiyayawa. Inda kika ga ɗige-ɗige baƙaƙe, nan ne gidansu, ki daɗe a wurin. Zannuwan gado, rigunan filo, gidan sauro, duk su sha tafasasshen ruwa sannan rana. Katifa ki bi ɗinkin gefenta da dutsen guga mai zafi, a hankali, ki shimfiɗa ɗan tsumma mai danshi a kai don tururi ya ratsa. In ta yage har soson ya fito, ki haƙura da ita, amma ki tsattsaga ta kafin ki kai bola don kada wani ya ɗauka. Ƙwan da ya tsira yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, saboda haka aikin na kowane mako ne har wata guda. Ki janye gadon daga jikin bango. Kada kuma wani ya ce ku ƙaurace wa ɗakin yunwa ta kashe su, suna yin watanni ba su sha jini ba.

Manyan kyankyasan nan ba 'yan ɗakinki ba ne, daga gota da masai suke, ruwan sama ya cika musu gida suka hauro. Feshi wanda ya fito kawai yake kayarwa, jakar ƙwansu mai kama da ƙwayar wake tana nan a maƙale bayan kabad da 'ya'ya wajen 16 a ciki. Kyankyaso yana jure yunwa makonni, ƙishirwa ce ba ya jurewa. To ki duba ɗakin girkinki da dare: ruwan tsamin da ya zuba, soson wanke-wanke jiƙaƙƙe, durom a buɗe. Ki tsane komai kafin ki kwanta, ki rufe bakin rariya da ragar waya. Wanda kika gani ido da ido, ruwan sabulu mai kauri a robar feshi ya ishe shi, yana toshe masa kafofin numfashi. Na ɓoye kuma ki nemi hodar borik a kemis, ki kwaɓa da sukari da ɗan fulawa, ki sa a gwangwanin madara da kika huda ta gefe, ki tura can bayan kabad, nesa da kullu, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ba ta kisan nan take, sai ki ba ta mako biyu. Kuma ki sani kashin kyankyaso da saɓarsa suna tayar da asma, ba feshin kaɗai ke sa yaronki tari ba.

Za a ce miki darbejiya. Busasshen ganyenta yana da amfani a cikin gero da wake, ki sa. Amma ba za ta raba ki da kuɗin cizo ba, hayaƙinta da na ɓawon lemo kuma ba na ɗakin mai asma ba ne.

Shi ɓera, in yana da sata, daddawa ma tana da wari. Gero ya bar buhu ya koma durom mai murfi, robar kullu a rufe a ɗora dutse. Ƙaramin ɓera yana wucewa ta kafar da fensir zai shiga, don haka ki bi gindin bango da tocila, ki cusa soson ƙarfe a kowane rami ki shafe da siminti, ƙasan ƙofa a buga masa falle. Tarko a jikin bango ake ɗana shi, nan ce hanyarsu, da ƙuli-ƙuli ko kan busasshen kifi. Guba ban yarda da ita ba a gidan da ake dama koko. Zubar da kullun nan da kika yi daidai ne. A 2023 an samu zazzaɓin Lassa a Akra, kuma ta fitsari da kashin ɓera ya fi yaɗuwa. Mushensa kada ki taɓa da hannu, ki ɗauke shi da leda biyu.

Saura maganar kunya. Na rantse ba ɗakinki kaɗai ba ne, kowa ya yi shiru ne kamar yadda kika yi. In ke kaɗai kika gyara, ƙwarin za su yi baƙunta a ɗakin kusa su dawo. Ki fara da dattijuwar gidan, ita ta tara mata, ku tsayar da Asabar ɗaya kowa ya fitar da gadonsa, tukunyar kokonki ta tafasa wa kowa ruwa. Kuɗin siminti da ragar waya a kai wa mai gida lissafi, bangonsa ne. In ya yi kunnen uwar shegu, ofishin tsaftar muhalli na majalisar Ayawaso ta Arewa, 'yan tankas, aikinsu ke nan, ku je ku biyu ko uku kada a ce ke ce mai kai ƙara.

Gwaggo