Maganin Wasiwasi Da Saƙe-Saƙen Zuci

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata cuta wadda take cinye mutum yana tsaye da ƙafafunsa, watau saƙe-saƙen zuci. Abin nufi shi ne mutum ya riƙi magana guda ya yi ta jujjuya ta a ransa dare da rana, yana saƙawa yana warwarewa, bai kai ta ga wani aiki ba, ita kuwa ba ta sake shi ba. Ɗan kasuwar da ya yi asara sai ya kwana yana maimaita lissafin da ya riga ya gama. Matar da aka gaya wa baƙar magana a gidan biki sai ta yi wata guda tana shirya amsar da ba ta bayar ba. Wani kuwa sai ya tsaya cikin sahu yana sake kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Ciwon waɗannan duka ɗaya ne.

Wajibi ne a bambanta wannan da tunanin da addini ya yi umurni da shi. Musulmin da ya binciki kansa ya ga ya yi kuskure, sa'an nan ya tuba, ko ya mayar da haƙƙi ga mai shi, ya yi ibada. Alamar tunani na gari ita ce yana ƙarewa da aiki. Wasiwasi kuwa kewaye yake yi, inda ya fara nan yake komawa.

Abin da ya kamata mai wannan ciwo ya fara sani shi ne, abin da ya ɗarsu a zuciya ba tare da zaɓinsa ba, ba a rubuta masa shi zunubi. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu, muddin ba su furta ba, ba su kuma aikata ba. Muslimu ya ruwaito cewa waɗansu sahabbai sun kai kuka wurin Annabi (S.A.W.) a kan abubuwan da suke ji a ransu waɗanda suke ganin girman furta su, sai ya shaida musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kasa tafiyar tunani mataki huɗu a cikin Ihya'u: ɗarsuwa, da karkatar ɗabi'a, da hukuncin zuciya cewa a aikata, da ƙulla niyya. Ya bayyana cewa ba a kama bawa da biyun farko, domin ba su cikin ikonsa. Saboda haka wanda yake zargin kansa da kafirci ko munafunci don wani mummunan tunani ya gifta masa, ya ɗora wa kansa kayan da Allah bai ɗora masa ba.

A cikin yaƙin Uhudu, wanda aka yi a watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, akwai abin lura. Sahabbai 70 suka yi shahada, Annabi (S.A.W.) da kansa aka yi masa rauni. Aya ta 154 ta Suratu Ali Imrana ta nuna yadda mutane suka kasu biyu bayan wannan masifa. Kashi ɗaya Allah Ya saukar musu da natsuwa har gyangyaɗi ya kama su a filin daga. Abu Ɗalha ya ba da labarin yadda takobinsa ya riƙa faɗuwa daga hannunsa yana ɗauka. Ɗaya kashin, waɗanda masu tafsiri suka ce munafukai ne, kawunansu suka shagaltar da su, suna ta cewa da an bi shawararsu da ba a kashe kowa ba. Ba a nufin duk mai damuwa yana cikin sahunsu, tun da muminai ma sun yi baƙin ciki ran nan. Abin dubawa shi ne, masifa ɗaya ce ta sami kowa, amma wanda ya miƙa al'amarinsa ga Allah ya sami barci, mai cewa da an yi kaza ya kwana da hasara a zuci. Domin wannan ne Annabi (S.A.W.) ya hana wanda masifa ta sama ya riƙa faɗin haka, ya umurce shi ya jingina abin ga ƙaddarar Allah, ya kuma bayyana cewa wannan kalma tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki. Bahaushe ma ya ce da na sani ƙeya ce.

To, yaya za a yi da tunanin da ya ƙi tafiya? Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kamanta rai da dutsen niƙa mai juyawa ba tsayawa: in aka zuba masa hatsi ya niƙa gari, in aka zuba masa yashi da tsakuwa su ma ya niƙa. Ba mai ikon tsai da dutsen, abin da ke hannun mutum shi ne zaɓen abin da zai zuba. Binciken zamani ya zo da abin da ya yi daidai da wannan. A shekarar 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya umurci waɗansu mutane kada su tuna wata farar dabba har minti biyar. Suka kasa, kuma da aka sake musu mara sai tunaninta ya fi yawa a kansu. Waɗanda aka ba wani abu guda su mai da hankali kansa, watau wata jar mota, su ne abin ya yi wa sauƙi. Ashe kokawa da tunani ƙarfi take ƙara masa.

Malaman fiƙihu sun riga sun gina hukunci bisa wannan. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, da Ahalari wanda yara ke karantawa a makarantun zaure, hukuncin wanda shakka ta aure shi a salla shi ne ya kau da kai daga gare ta, kada ya kawo abin da yake shakka a kansa, ya yi sujada ba'adi kawai. Dalili kuwa, duk lokacin da ya biya wa wasiwasi bukata ya sake raka'a, gobe zai nemi biyu.

Ga matakan da za a bi. Na farko, a nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, sa'an nan a ci gaba da abin da ake yi, kada a tsaya duba ko tunanin ya tafi. Usmanu ɗan Abil Asi ya kai ƙarar Shaiɗan mai rikita masa karatu a salla, aka umurce shi ya nemi tsari ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya kuwa ce da ya yi haka Allah Ya yaye masa. Na biyu, mutum ya tambayi kansa ko akwai aikin da zai iya yi game da abin da ke damunsa. In bashi ne ya tafi wurin mai shi su yanke lokaci, in ɓatawa ce ya nemi sulhu. In babu abin yi, to, ya bar wa Mai shi. Na uku, ya zuba wa dutsen hatsi tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: ya tashi ya yi alwala, ya ɗauki Alƙur'ani ya karanta da murya, ko ya kama aikin hannu, ko ya tafi gai da mara lafiya. Anas ɗan Maliku ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya yawaita neman tsari daga zulumi da baƙin ciki, yana gwama su da gajiyawa da kasala, alama ke nan cewa zaman banza abokin tafiyarsu ne. Na huɗu, ya guji kaɗaici, ya lizimci sallar jam'i, ya kuma sami amini mai hankali ya gaya masa abin da ke ransa.

Daga ƙarshe akwai gargaɗi ga iyaye da ma'aurata. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu yana hana mutum barci da abinci da sana'a, ko wasiwasi ya sa shi ɓata sa'o'i wurin alwala, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, to, ciwo ne da ke bukatar likita, kada a ce raunin imani ne. Abu Zaidin Albalhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya lissafa wasiwasi cikin cututtukan rai da ake yi wa magani kamar na jiki. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kuma ba ya hana addu'a, tun da Annabi (S.A.W.) ya yi umurni da neman magani.

Allah Ya yaye wa Musulmi ƙuncin zuciya, Ya musanya musu shi da natsuwa, amin. Allah ne Mafi sani.