Lissafin Tsara Aiki: Darasi Ga Hakimai Da Malamansu

Idan ruwa ya janye daga fadamun Kogin Haɗeja, manoman ƙasar Taura su kan zo suna neman shawara kan abin da za su shuka da rani, hukuma kuma tana jiran takardar hakimi ta gaya mata irin taimakon da a ke bukata. Gona tana da iyaka, ma'aikata suna da iyaka, kuɗi ma haka. To, akwai wani lissafi da masana suka fitar domin raba abin da ke hannu yadda zai fi ba da amfani. Wani Barashe, Leonid Kantorovich, ya soma shi a 1939 domin masana'antar katako a Leningrad, sa'an nan George Dantzig ya fito da hanyar warware shi a 1947, yana aiki da sojan sama na Amurka. Manyan lissafai sai kwamfuta, amma ƙarami malami na iya yinsa a takarda guda.

Ga misali, alƙaluman kuwa na koyo ne kawai. A ce wani gandu yana da eka 10 a fadama, aikin da mutanen gidan za su iya kuwa yini 120 ne. Ekar shinkafa tana cin yini 20, ribarta naira 50,000. Ekar alkama tana cin yini 10, ribarta naira 30,000.

Mai gaggawa zai ce a shuka shinkafa zalla, tun da ta fi kuɗi. Amma yini 120 ba zai wuce eka 6 ba, watau naira 300,000, eka 4 na zaune banza. In an shuka alkama zalla, eka 10 su ba da naira 300,000 ɗin dai, yini 20 ya tafi a zaman gindin bishiya. Saura hanya ta uku, inda gona da aiki za su ƙare tare: shinkafa eka 2, alkama eka 8. Ku lissafa da kanku, yini 40 da yini 80, riba naira 340,000. Ba wani rabon da ya fi wannan. Ka'idar ita ce, amsa kullum tana ɗaya daga cikin waɗannan wuraren da iyakoki suka ƙure, don haka su kaɗai a ke gwadawa.

Yanzu ga abin da ya fi shafar hakimi. A ƙara wa gandun nan eka guda, riba ta ƙaru da naira 10,000 kurum. A ƙara masa aikin yini 10, ta ƙaru da naira 20,000. Ashe wannan gida hannu ya fi bukata, ko galmar shanu, ko injin huɗa. Hakimin da ya rubuta yana roƙon ƙarin fili, ya roƙi abin da ya fi ƙarancin amfani, kakar kuwa ba ta dawowa.

Irin wannan aka gano a Samaru ta Zariya. Tun daga 1966 David Norman da abokan aikinsa suka bi manoman waɗansu ƙauyuka suna rubuta aikinsu, suka tarar abin da ke daƙile manomi shi ne ƙarancin hannu lokacin noman ciyawa, a watannin Yuni da Yuli. Haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda waɗansu ke ɗauka jahilci ne, ya tabbata dabara ce mai riba.

Sai dai a kula, lissafi ba ya sanin abin da ba a gaya masa ba. Bai san ambaliya irin ta 2022 ba, bai san faɗuwar farashi a kasuwar Gujungu ba. Kuma in ba a sa masa hatsin da gida zai ci a matsayin sharaɗi ba, sai ya ce a sayar da kome.

Saboda haka, kafin rani, kowane malamin hakimi ya zaga wurin dagatai ya rubuta yawan ekar fadama, da yawan masu aiki, da yinin da kowane amfanin gona ke ci. Farashi kuwa ya tambayo shi a kasuwa da bakinsa, kada ya ɗauko na bara daga cikin fayil.