Gansakuka a Akwatin Kifin Teku da a Tafkunan Gari

A ƙasashen Turai da Amurka da Asiya akwai mutanen da ke kiwon kifin teku da murjani a cikin akwatin gilashi, suna haɗa musu ruwan gishiri, wajen giram 35 a kowace lita, daidai da na teku. Ba abin da ke ba su wahala kamar gansakuka. Abin da suka gano wajen yaƙi da ita yana da amfani ga Hakimai da magatakardansu, gama ciwon nan shi ne ke kama tafkin da gari ke sha, da kududdufin kiwon kifi, da madatsar ruwa.

Abin da ke kawo ta

Gansakuka tsiro ce ta ruwa, ba ta da saiwa ko fure. Abu uku ke sa ta yawaita: abinci, da haske, da rashin mai cin ta. Abincinta kuwa naitaret ne da fosfet, watau sinadaran da ke cikin taki. A akwatin gilashi suna fitowa daga kashin kifi, da ragowar abincin da ya ruɓe, da ruwan famfo wanda ba a tace ba.

Murjani, irin wanda ake yin abin wuya da shi, ƙashin wasu ƙananan halittu ne na teku. 'Yan'uwansa masu gina duwatsu a tekuna masu ɗumi suna da wata 'yar gansakuka a cikin naman jikinsu, wadda ido ba ya gani, ita ke sarrafa musu abinci da hasken rana. Saboda haka mai akwati ba shi da halin kashe fitila gaba ɗaya, ba shi kuma da halin zuba maganin jan ƙarfe, domin zai kashe murjanin tare da gansakukar. In kuwa ya bar ta, sai ta rufe murjani, ta tare masa haske, ya mutu.

Yadda masu akwati ke yi

Na farko, suna rage abinci, ba su ba kifi sai abin da zai cinye cikin minti biyu ko uku. Na biyu, suna kwashe wajen kashi ɗaya cikin goma na ruwan kowane mako ko mako biyu, su mai da tataccen ruwa. Na uku, suna ƙayyade fitila, misali awa takwas zuwa goma a yini. Na huɗu, suna sa dodon-koɗi na teku, da kifaye masu kiwo, da wata halitta mai ƙaya da ake kira bushiyar teku, su riƙa cin abin da ya tsiro. Wasu kuma suna shuka ciyawar teku a wani ƙaramin akwati daban, ta shanye takin, a riƙa yankan ta ana zubarwa. Kankare gilashi da tsige gansakuka da hannu aiki ne mai kyau, amma muddin takin yana nan cikin ruwa, kafin mako ya zago ta dawo.

Misali biyu daga teku

Abin da ke faruwa a akwati yana faruwa a teku kanta. A gaɓar Kaneohe ta tsibirin Oahu, cikin Hawai, an daɗe ana tura ƙazantar gari cikin teku, har koriyar gansakuka ta lulluɓe murjani. A 1977 da 1978 aka karkatar da ƙazantar zuwa wani wuri. Cikin 'yan shekaru gansakukar ta ragu ƙwarai, murjani ya fara farfaɗowa.

A tsibirin Jamaika kuwa masu cin ta aka rasa. Masunta sun kame yawancin kifaye masu kiwo, sai bushiyar teku kaɗai ta rage tana aikin. A 1983 annoba ta faɗa mata ta kashe kusan dukanta. Murjanin da ke rufe wajen rabin duwatsun gaɓar kafin 1980 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a farkon shekarun 1990, gansakuka ta mamaye fiye da kashi 90.

Tafkunan gari

Tafki yana samun takinsa daga kashin shanu, da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki, da ruwan wanki, da masai da juji na kusa. Da bazara ruwa ya ja baya, ga zafi ga rana, sai a ga ya yi kore shar, wani lokaci da kumfa a sama kamar an zuba fenti.

Hatsarin iri biyu ne. Da dare gansakuka tana shan iskar numfashi da ke cikin ruwa, shi ya sa ake ganin kifi ya taso sama da asuba yana haki, wani lokaci a wayi gari ya mutu. Sa'an nan akwai wata iri mai launin kore da shuɗi wadda takan fitar da dafi mai ɓata hanta ko jijiyoyi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botswana, gwamnatin ƙasar ta ce dafin nan ne cikin ruwan da suka sha. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da wannan dafi.

Ga mai kiwon karfasa ɗan koren ruwa alheri ne, gama abincin kifin ne. Awonsa mai sauƙi ne: ya tsoma hannu, in tafinsa ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, to, kore ya yi yawa. Sai ya dakatar da taki, ya rage abinci, ya ƙara sabon ruwa.

Abin da ake bukata ga Hakimai

1. A umarci dagatai da masu unguwa su hana gina masai da zub da shara a gangaren da ke malala cikin tafki.

2. A keɓe wa dabbobi mashaya a gefe guda, in da hali a ɗebo musu a kwalkwatai ko kwami, kada su shiga ruwan.

3. A bar ciyawa ta tsaya tsakanin bakin ruwa da gonakin da ake sa wa takin zamani, ta tare abin da ruwa ya wanko.

4. A hana kama ƙananan kifi da raga mai ƙananan ido, a kuma hana zuba magani a ruwa sai da iznin ma'aikatan Hukuma. Gansakukar da magani ya kashe ruɓewa take yi, ta ƙara cinye iskar ruwan.

5. In ruwa ya yi kumfa kore, ko aka ga mataccen kifi ko dabba a bakinsa, a yi shela a daina sha da shayarwa, a aika wa duba-gari da malamin dabbobi nan take.

Aikin magatakarda shi ne ya buɗe littafi, ya rubuta sunan kowane tafki na ƙasar Hakimi, da watan da ya fara kore, da abin da ke malala cikinsa, da dabbobin da aka yi hasara. Bayan shekara biyu ko uku littafin nan zai nuna tafkin da ya kamata a fara gyarawa, da inda takin ke shigowa. Lalle ne a ƙare gyaran nan tun da rani, kafin ruwan farko ya sauka ya wanko ƙazantar shekara cikin tafki.