Darasin lafiya: tsoro da barcin yaro

A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogo mai zagayen awa 24. Shi ke sa jiki ya huce da dare, ya farka da asuba. Yaron da ake yawan duka, tsoro yakan rikita masa wannan agogo: sai firgita, da mugun mafarki, da fitsarin kwance, da gyangyaɗi a lakkol. Lahanin yakan bi shi har girmansa.

Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. In ya jiƙa tabarma, kada a dake shi. A lallashe shi, a tsayar masa da lokacin kwanciya. In abin ya daɗe, a kai shi babban asibitin Yamai ko likita mafi kusa.