Yadda Baƙo Ke Samun Izinin Zama A Najeriya

Mutumin Maraɗi da ya biyo ta Ɗan Isa ya shigo Jibiya ba ya buƙatar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zaman kwana 90. Ko da Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025, ECOWAS ta ce a ci gaba da hakan har sai an sanar da canji.

Wanda ke son zama fiye da haka, ga matakan:

1. Ya tabbatar jami'an shige da fice sun buga masa hatimin shigowa a kan iyaka. Daga ranar ake fara lissafi.
2. Kafin wa'adin ya cika, ya nemi katin zama. 'Yan ECOWAS suna da nasu, sauran baƙi kuma katin CERPAC suke nema.
3. Izinin dindindin, a tsarin bizar 2020, ana ba masu zuba jari, ƙwararru da waɗanda suka auri 'yan Najeriya.

A kula: sahihin shafin hukumar shi ne immigration.gov.ng. Kada a tura wa dillalin WhatsApp kuɗi ko hoton fasfo. Wanda ya zarce wa'adi kuwa yana iya fuskantar tara ko kora.