Yadda Za Ki Ɗaga Makinki A Sashen Turanci Na Jarrabawar GMAT

'Yar'uwa, in kina da burin yin digirin MBA, makarantu da yawa za su nemi sakamakonki na GMAT. Kada lissafi kaɗai ya ɗauke miki hankali, sashen Turanci ma yana da nasa tarkon.

Da farko ki sani, tun 2024 aka daina tsohon tsarin. Yanzu sashen yana da tambayoyi 23 cikin minti 45, wato kowace tambaya ba ta kai minti 2 ba. An cire tambayoyin gyaran jimla, don haka ki ajiye tsofaffin littattafan nan. Abin da ya rage shi ne fahimtar karatu da auna hujja.

Ga misali: mai shago ta rage kuɗin atamfa, ciniki ya ƙaru, sai ta ce ragin ne ya jawo. To, in lokacin bukukuwa ne ya zo fa? Wannan giɓin da ke tsakanin dalili da hukunci shi ake so ki gano. Kafin ki duba amsoshi, ki tambayi kanki: me aka yanke, da wace hujja, me aka ɗauka ba a faɗa ba?

Kullum ki karanta maƙala ɗaya ta Turanci mai nauyi, ki taƙaita ta a jimla guda. Ki tanadi littafi na musamman, duk tambayar da kika faɗi ki rubuta dalili. Minti 30 kullum, bayan yara sun kwanta, ya fi kwana a zaune ana gobe jarrabawa.

Allah ya ba da sa'a.